Fom ko zaman tabarma: wanne ya fi ga mai shiga ƙauye binciken lafiya?

Satin da ya wuce wata ƙanwata da ke ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya ta kira ni wajen goman dare, ko gaisawa bamu gama ba tace Yaya ina cikin matsala, malamin da ke duba furojet ɗina yace in zaɓi ɗaya, ko in bi gida-gida da takardar tambayoyi ko in tara mutane in zauna da su mu tattauna, kuma ran Litinin yake son amsa. Abin da take so ta bincika shi ne maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauron nan da ake bi ana ba yara da damina, a ƙauyen kakanninmu. Nace ta je ta kwanta da safe zan rubuto mata. Da na fara sai naga abin yana ta tsawo, kuma ba ita kaɗai ke wannan ruɗanin ba, duk shekara sai an samu masu tambayata, daga ɗaliban kiwon lafiyar al'umma har masu digiri na biyu, shi ya sa nace bari kawai in baje shi kowa ya ɗauka.

Ni ba farfesa ba ne. Abin da na sani na yi shekaru ina aikin ɗauko bayanai a karkara, na riƙe fom na riƙe rikoda, na kwana a bencin firamare, kare ya bi ni ya fi a ƙirga. To daga nan nake magana.

Mu fara da fom tunda shi kowa ke rugawa. Ƙarfin fom guda ɗaya ne, yana baka lamba, kuma lamba ita ce yaren da ma'aikatar lafiya da masu ba da tallafi ke ji. Misali a 2016 zuwa 2017 an yi babban binciken gida-gida kan rigakafin yara a Najeriya, sai aka ga kashi 33 cikin ɗari ne kacal suka samu allura ta uku ta penta, wato rigakafin nan mai haɗa cututtuka biyar, wadda ake wa jarirai a cinya a sati 6 da 10 da 14, alhali rahoton da asibitoci ke turawa sama yana nuna adadi ya fi haka nesa ba kusa ba. Wannan lambar ce ta girgiza mutane har aka ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafin yau da kullum a 2017. Da mutum ya je Abuja yace wallahi na zauna da mata a ƙauye goma sun ce basa kai yara allura, ba wanda zai motsa daga kujera. Haka binciken maleriya na 2021, ya nuna kashi 22 na ƙananan yara a faɗin ƙasa na ɗauke da ƙwayar cutar a jini, amma a Kebbi kashi 49 ne, kusan rabi kenan, so ba abin mamaki ba ne da aka zo fara allurar rigakafin maleriya a Disambar 2024 Kebbi na cikin jihohi biyun farko ita da Bayelsa. Amma ku lura da wani abu a nan don zan dawo kansa, waccan lambar ba tambayar uwa aka yi ba, jinin yaro aka ɗiba aka duba.

Yanzu tsadar fom, wadda ɗalibai basa lissafawa sai sun shiga. Duk wanda ya buɗe furojet ɗin 'yan makarantar lafiya zai ga lamba 384 a matsayin adadin mutanen da za a tambaya, ko 422 in an ƙara kashi goma saboda waɗanda zasu ƙi amsawa. Lissafin daidai ne a takarda, amma ya ginu ne kan cewa kowane mutum an zaɓo shi ta hanyar ƙuri'a daga jerin sunayen kowa da kowa, mu kuwa a ƙauye wa ke da wannan jerin? Abin da ake yi a zahiri shi ne a zaɓi unguwanni sannan a shiga gidaje a ciki, kuma mutanen unguwa ɗaya sun yi kama da juna, rijiya ɗaya suke sha, limami ɗaya suke bi, kemis ɗaya suke zuwa, shi ya sa masana ke cewa in haka zaka yi sai ka ninka adadin, kaga an doshi 768 kenan. Mu bar shi ma a 384 ɗin. Gida ɗaya, daga sallama da jiran izini da gaisuwa da ya gida ya yara ya ruwa, zuwa tambayoyin kansu, ka ba shi minti talatin zuwa arba'in. Mutum ɗaya mai ƙoƙari ya yi gida goma a yini. Kwana kusan 39 kenan in kai kaɗai ne, in ku huɗu ne kwana goma, kuma su ukun nan sai ka biya musu mashin ka basu na abinci. A nan ne shaiɗan ke shigowa. Rana ta take, ƙafa ta gaji, saura fom shida, sai kaga mutum ya samu gindin darbejiya ya zauna yana cikewa da ka. Na gani da idona ba sau ɗaya ba, kuma ba mugayen mutane ba ne, gajiya ce da ƙarancin kuɗi. In zaka yi fom ka daure ka sa shi a waya da manhajar cike fom irin KoboToolbox ko ODK, kyauta ne ga irin namu ƙaramin aiki, yana aiki ba netiwok, yana nuna lokacin da aka fara da lokacin da aka gama da wurin da aka tsaya, in kaga gida biyar an gama su cikin minti goma sha biyu a wuri guda ka san labarin.

Sai zaɓen gidajen. Baƙo ko da ido makaho ne, in ka bar ɗan rakiyar da mai unguwa ya haɗa ka da shi ya ja ragama, gidan 'yan uwansa zai kai ka da gidajen bakin hanya masu rufin kwano, waɗanda dama su ne ake fara kai wa komai in an zo rabo. Rugar Fulani da ke bayan rafi da 'yan gidajen gona ba zaka gansu ba, kuma yawanci yaran da basu taɓa ganin allura ba can suke. Sai ka dawo da sakamako mai kyau na ƙarya ba tare da ka yi ƙarya ba.

Amma babbar matsalar fom a ƙasar Hausa ba wannan ba ce, ita ce tambayar kanta. Ka shiga gida kace Hajiya kuna da gidan sauro? Kafin ta amsa ta riga ta yi lissafi, in nace akwai ba za a bani sabo ba, in nace babu ƙila a rubuta sunana. Ka tambayi yaron ya kwana a ciki jiya, tace eh mana, don ta san amsar da malamin asibiti ke so kenan kuma ba a kunyata baƙo. In ka samu izini aka leƙa ɗakin sai a tarar yana nan a ledarsa an ajiye wa 'yar da za a aurar, ko an zagaye yabanyar tumatir da shi. Shekarun yaro kuma wani aiki ne, ba takardar haihuwa, sai dai a ce an haife shi bayan sallar layya shekarar da ruwa ya ci gada, kai kuma duk binciken ka ya rataya ne kan yaro yana ƙasa da shekara biyar, wato wata 59, ko ya wuce. Ka tambayi mace 'ya'yanki nawa, wata ba zata ƙirga ba don ba a ƙirga 'ya'ya, wata zata tsallake ɗan fari saboda kunya ko don yana hannun kakarsa, wanda ya rasu yana jariri kuwa ba za a ce ya mutu ba, ya koma ake cewa, in tambayarka bata san wannan kalmar ba to bazai shiga lissafi ba. Ƙaramin ciki ba a faɗa. Ita kanta kalmar maleriya, kai ka rubuta da Turanci, mai ɗauko bayanai na farko yace zazzaɓi, na biyu yace masassara, na uku yace shawara, uwa kuma a ranta zafin jikin da yaron ya yi satin jiya ba ciwo ba ne, haƙori ne, jijjigar da ya yi kuwa iska ce, ba ta asibiti ba ce balle a faɗa wa mai fom. Mutum uku, tambaya uku daban, amma a kwamfuta duk layi ɗaya zasu hau.

Murray Last, baturen nan da aka fi sani da tarihin daular Sakkwato, ya zauna a ƙasar Malumfashi yana nazarin yadda mutane ke neman magani, a 1981 ya yi wani rubutu da ya nuna sau da yawa mutane basu san sunan ciwo ko sanadinsa ba kuma basu damu su sani ba, sauƙi suke nema. To fom bai yarda da wannan ba, dole sai ka zaɓi a ko b ko c, sai mutum ya zaɓar maka ɗaya don ku rabu lafiya.

Shi ya sa ni irin furojet ɗin nan na auna sani da ra'ayi da ɗabi'a, wanda kowace shekara ake yin ɗaruruwansa, ya fita raina. Yau wa ye bai san sauro ke kawo zazzaɓi ba? Rediyo ta gama wannan aikin tuntuni. Zaka dawo kace yawancinsu suna da sani mai kyau, a ba da shawarar ƙara wayar da kai, a ɗaure a ajiye a kanta, shikenan. Sani daban yi daban. In dai fom zaka yi, to ka rage tambayar baki ka ƙara abin da ido zai gani, gani ya kori ji. A nuna maka katin rigakafi, a nuna maka gidan sauron a rataye, a duba tabon allurar BCG ta tarin fuka a dantse, a auna dantsen yaro da tef ɗin nan mai kala uku, ƙasa da santimita 11.5 ja ne tamowa mai tsanani, daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. Wannan ba wanda zai faɗa maka don ya faranta maka.

To zaman tabarma fa? Wato ka tara mutum shida zuwa goma masu kama da juna ku yi awa ɗaya ko da rabi kuna hira kan abu guda, ko ka zauna da mutum ɗaya kamar ungozoma ko wanzami ko mai kemis ku yi doguwar magana. Ƙarfinsa shi ne yana kamo abin da baka taɓa tunanin tambaya ba. Fom kamar koma ce da ka saƙa da kanka, kifin da ya dace da idonta kawai take kamawa. Ku tuna Zamfara a 2010, yara suna ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyuka irin Dareta da Yargalma da Bagega, ana ba da maganin maleriya ba ya ci, ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, yara kusan 400 suka tafi. Ba fom ɗin zazzaɓi a duniya da ke da akwatin kuna daka dutse a tsakar gida. Gwajin jini ne ya tabbatar, amma sai da wani ya shiga ya duba ya tambayi me ya canza a garin nan kafin a san me za a gwada.

Shan inna ma haka. A 2003 Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, sai 2004 aka dawo, kuma ko bayan an dawo gidaje da yawa sun ci gaba da ƙi. A fom abin da ake rubutawa shi ne sun ƙi saboda addini ko jahilci. Waɗanda suka zauna suka saurara kuwa abin da suka riƙa ji shi ne, yaro na ƙyanda ko zazzaɓi mun je asibiti ba magani sai mun saya, amma wannan ɗigon da bamu roƙa ba kullum ana biyo mu da shi har ɗaka kyauta, me ke ciki? Wannan ai ba jahilci ba ne, tambaya ce ta mai hankali. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan kamar sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki da sabulu, aka jawo sarakuna da malamai da matan unguwa masu shiga gida-gida, a hankali har aka kai Agustan 2020 da aka tabbatar an rabu da ƙwayar cutar ta daji. A Nijar kuma bincike kan abin da ke hana mata zuwa awo da haihuwa a asibiti a jihar Damagaram ya nuna maganar a hannun maza take, daga nan aka kafa makarantun mazaje, wato zaman magidanta kan lafiyar matansu, wajen 2008. Darasin ga ɗalibi shi ne kada ka tara iyaye mata kaɗai kace ka gama, mai gida da kaka su ne kotun ƙoli a kan yaro.

Amma kada wani ya ɗauka zaman tabarma hira ce kawai mai sauƙi, nan ma akwai ramuka. Na farko wa ka haɗa da wa. Ka zaunar da amarya da uwar mijinta wuri ɗaya, amaryar ba zata ce uffan ba sai wasa da bakin mayafi. Ka sa matar mai unguwa a ciki, duk abin da tace sauran zasu ce haka ne. Ka yi zaman a harabar asibiti, ba mai kushe ma'aikaci. Na taɓa yin wani zama da wata dattijuwa ta riƙe magana tun daga bismilla har fatiha, na dawo da rikodin awa guda na ra'ayin mutum ɗaya. Dole a raba, matasan iyaye daban, kakanni daban, magidanta daban a dandali bayan la'asar, masu rabon magani su ma daban. Na biyu, aikin ba a ƙauye yake ba, a ɗaki yake bayan ka dawo. Rikodin awa ɗaya kafin ka rubuce shi kalma da kalma zai ci maka awa biyar ko shida, in mata suna magana a tare ga kukan yara ga akuya ya fi haka, sannan ka juya shi Turanci don malaminka, sannan ka karanta ka sake karantawa kana ware maganganu iri-iri. Mai fom wahalarsa a rana take, mai tabarma wahalarsa a fitila. Na uku kuma wanda ya fi muhimmanci, ba ka da ikon cewa kashi kaza. In mata bakwai cikin goma a zamanka sun ce maganin na sa amai, ba zaka rubuta kashi 70 na matan garin ba, haramun ne a wannan hanyar, abin da zaka iya cewa shi ne ga dalilan da ake bayarwa ga yadda suke haɗuwa. Kuma gaskiya wasu malaman namu in basu ga tebur da manhajar lissafi ta SPSS ba gani suke ba ka yi komai ba, wannan ma abin lissafawa ne tunda su ke ba da maki.

Ta fannin kuɗi dai tabarma ta fi sauƙi, waya mai rikoda, mai rubuta maka abin lura, ɗan lemo da biskit ko sabulu na godiya. Zama shida zuwa takwas da hira da mutum biyar ko shida yawanci ya isa ƙaramin furojet, alamar ka ƙoshi ita ce ka fara jin magana ɗaya tana maimaituwa ba sabon abu.

Akwai hanya ta uku da wasu ke gudu gare ta don ba rana ba kare, wato rajistar asibiti. Tana da amfani in kana son ganin yadda zazzaɓi ke hawa da sauka wata-wata. Amma waɗanda suka zo kawai take nunawa, wanda ya tsaya a kemis ko wajen mai magani ba ya ciki, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna a arewa maso yamma haihuwar asibiti bata kai ɗaya cikin biyar ba, to rajistar ɗakin haihuwa labarin wa take bayarwa? Ga shi adadin mutanen da ake raba lissafi da shi hasashe ne daga ƙidayar 2006, shi ya sa zaka ga wata gunduma ta yi rigakafi sama da kashi ɗari. Ka yi amfani da ita a matsayin ƙari, kada ka jingina da ita.

Ta huɗu ita ce gwaji, a yi wani abu a wasu garuruwa a bar wasu sannan a kwatanta. Ita ce sarauniya in ana son sanin ko abu na aiki, kuma ƙasarmu ta ga manya. A Garki ta Jigawar yanzu, daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnati sun yi feshin ɗakuna da rabon magani ga kowa da kowa, cutar ta faɗi ƙasa sosai amma bata yanke ba, da aka daina ta dawo, ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya kwana a bangon ɗaki balle feshi ya same shi. Har yau masu lissafin yaɗuwar maleriya na amfani da bayanan Garki. A jihar Dosso ta Nijar an gwada ba ƙananan yara maganin kashe ƙwayoyin cuta na azithromycin sau biyu a shekara, garuruwa aka yi wa ƙuri'a wasu na gaske wasu na bogi, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 a ɓangaren Nijar. Wanda ya fi burge ni shi ne na Mirriah kusa da Damagaram, inda ƙungiyar likitocin agaji ta ALIMA ta koya wa iyaye mata auna dantsen 'ya'yansu da kansu aka kwatanta da yankin da ma'aikatan sa-kai ke yi, sai aka ga iyayen basu gaza ba, ana ma kawo yaran da wuri kuma kuɗin ya fi sauƙi. Amma duk waɗannan aikin ƙungiya ne mai mota da kuɗi da shekaru. Ɗalibi in ya kwaikwaya yawanci kafin-da-bayan yake yi a gari ɗaya, ya ƙirga masu zazzaɓi a Satumba, ya yi lacca, ya dawo a Janairu ya ga sun ragu yace laccarsa ce. Malam ba laccarka ba ce, hunturu ne. In ba ka da garin kwatance da ba a yi komai ba a daidai wannan lokacin, ka bar wannan hanyar.

Kafin ka zaɓa akwai abubuwan da su zasu zaɓar maka ma. In kai namiji ne, gidaje da yawa ba shiga, a zaure zaka tsaya mai gida ya amsa maka tambayar da bai san amsarta ba, shi bai san ko an ba yaro ƙwayar jiya ba, to ko ka nemi mata su shigar maka ko ka canza tambaya. Lokaci ma haka, da damina kowa na gona hanya ta yanke, da rani maza sun tafi cin rani. Sai tsaro, a wasu yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato baƙo mai yawo gida-gida yana danna waya yana ɗaukar wuri ana iya ɗaukarsa infoma, wannan ba wasa ba ne, a irin wurin nan zama biyu uku a gidan da aka san ka ya fi yawon kwana goma. Izini kuwa hawa biyu ne, na takarda daga kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya ta jiha ko asibitin koyarwa da ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, da na ƙasa daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, sannan kowane mutum a karan kansa yana da ikon cewa a'a ko da mai gari ya yarda. Kada ka ji haushi in an yi maka kallon tuhuma. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara kusan 200 ke cikin gwajin, 11 suka rasu, rigimar ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata ta kai kotu har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Mutane basu manta ba, ko wanda ba a haifa ba lokacin ya ji labari. Dangwala yatsa a takardar yarda ma yana tsorata wasu, sai ka yi bayani da Hausa a gaban shaida ka bar musu kwafi.

Yanzu ga abin da na faɗa wa ƙanwata. Shi wannan maganin na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 aka fara gwada rabonsa a Katsina a 2013, ana ba yara daga wata 3 zuwa 59 ne duk wata, yawanci zagaye huɗu daga wajen Yuli zuwa Oktoba, kuma kowane zagaye na kwana uku ne. Ranar farko a gaban mai rabo ake sha, ta biyu da ta uku uwa ake bar wa. Ke nan duk sirrin yana cikin kwana biyun da ba mai gani. In tambayarki ita ce yara nawa ne suka shanye, fom ne, gajere, shafi ɗaya, ki shiga cikin kwana biyu uku da gama zagaye, ki ce a nuna miki katin da fankon ƙwayar, kada ki je bayan wata guda kina tambayar abin da aka manta. In tambayarki ita ce me ya sa ake ajiye sauran, ko ana raba wa yayyen da suka wuce shekara biyar, ko ana ɓoyewa sai ranar da zazzaɓi ya zo, ko amai ne ya sa kaka tace a bari, to tabarma ce. Wanda ya fi duka shi ne ki fara da zama huɗu ko biyar a zagayen Yuli, kalmomin da kika ji a bakinsu da dalilan da suka kawo su ki gina fom ɗin da su, ki fita da shi a zagayen Satumba. Amma tunda malamin yace ɗaya, ke kaɗai ce, mace ce, kuɗinki na mashin ne kawai, kuma a garin ana ce miki jikar wance, nace ki ɗauki tabarma, zama takwas na gaskiya ya fi fom 384 da rabinsu a gindin darbejiya aka haife su. In kuma ya kafe sai ya ga tebur, to kada ki yi da'awar ƙaramar hukuma gaba ɗaya, ki ɗauki ƙauyen nan guda ki bi duk gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da biyar har rugar da ke bayan rafi, ki rubuta a take cewa sakamakon na wannan ƙauyen ne.

Ta rubuto min jiya wai malamin ya yarda da tabarmar amma da sharaɗin ta haɗa da hirar masu rabon maganin. Nace madalla, su ki same su ɗaya-ɗaya ba a gaban shugabansu ba, kuma ki tambayi Inna ranar kasuwar garin kafin ki sa rana, don ranar ko tsohuwa ba zaki samu a gida ba.